An Horar da Masana, Wa Zai Riƙe Ɗakin Gwaji?

Tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da binciken zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, cikin jihar Jigawa ta yau, har gobe kuma masana na komawa ga alƙaluman da aka tattara a can. Amma da aikin ya ƙare, Garki ba ta zama cibiyar bincike ba. Haka tsarin wancan zamani yake: kuɗi da ƙwararru daga waje, jini da sauro daga gida. Neman gyara wannan ne ya haifi fagen da muke ciki, na haɗin gwiwar horar da masu binciken cututtuka masu yaɗuwa. A ganina fagen ya yi nasara wajen gina mutum, ya gaza wajen gina inda mutumin zai zauna ya yi aiki.

A 1975 aka kafa shirin TDR a Janeba, da kuɗin Hukumar Lafiya, Bankin Duniya da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, domin cututtukan talaka irin su kuturta, tsargiya da ciwon barci. Ɗan Najeriya, Adetokunbo Lucas, shi ya jagorance shi daga 1976 zuwa 1986, kuma tun farko horar da 'yan ƙasa na cikin aikin shirin. Cibiyar Fogarty ta Amurka, wadda aka kafa a 1968, ta shigo da ƙarfinta a 1988 da shirin horo kan ƙanjamau, inda ake ɗaure jami'ar Amurka da takwararta ta ƙasa mai tasowa. Sannu a hankali salon ya sauya: maimakon ɗalibi ya tare a waje shekara da shekaru, sai ya je ya koyo dabara, ya dawo ya yi binciken a kan marasa lafiyar garinsu. An ga amfanin hakan. Ogobara Doumbo da abokan aikinsa sun kafa cibiyar binciken maleriya ta Bamako a 1992. Ɗakin gwajin Christian Happi da ke Ede ne ya fara fayyace tsarin halittar ƙwayar korona a Afirka a Maris 2020, kuma Sikhulile Moyo na Botswana, wanda ya ci gajiyar horon Fogarty, yana cikin waɗanda suka fara gano nau'in Omicron a Nuwamba 2021.

Masu suka na cewa ai horarwa muke yi wa Turai, domin gwanayen guduwa suke yi. Wasu suna tafiya, babu musu, amma a tambayi dalili. Wanda ya dawo da digirin digirgir ya tarar babu wuta, firjin ajiye samfur ya lalace, sinadaran gwaji sun maƙale a tashar jirgin ruwa, ba horon ne ya kore shi ba. Suka ta biyu ta fi nauyi: mai kuɗi ne ke zaɓen cuta, shi ya sa ƙanjamau ya sami ɗalibai fiye da zazzaɓin Lassa ko sanƙarau. Gaskiya ne, sai dai wanda ya iya tantance ƙwayar cuta ɗaya zai iya juya hannunsa kan wata, kamar yadda ya faru lokacin korona.

Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗin riƙe gida. Hukumar binciken lafiya ta Amurka kashi 8 cikin 100 kacal take ƙara wa jami'o'in waje domin wuta, ruwa da ma'aikatan lissafi, alhali nata jami'o'in sun daɗe suna karɓar ninkin-ba-ninkin haka a tallafin bincike. Tallafin horon kuma galibi na shekara biyar ne, yana kuma rataye da siyasar wata ƙasa: a 2017 fadar shugaban Amurka ta nemi a rufe Fogarty baki ɗaya, majalisa ta ƙi, a 2021 kuwa Birtaniya ta zaftare kuɗin agajinta, ayyuka suka tsaya ana tsakiyar yi. Tun 1990 wani kwamitin ƙasa da ƙasa ya ba da shawarar kowace ƙasa mai tasowa ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin da take kashewa kan lafiya domin bincike. Baƙo zai iya biyan kuɗin karatu, amma albashin mai bincike, man janareta da gyaran na'ura haƙƙi ne a wuyan gwamnatocinmu, kuma a cikin kasafin kowace shekara ya kamata a gan su.