Allura da Wuyan Hannu a New Bell

Ba don Hausawa aka yanka unguwar New Bell ta birnin Duwala ba. Jamusawa ne suka tsara ta wajajen 1913, bayan sun ƙwace filayen ƙabilar Duwala na bakin kogin Wuri, suka ce su koma baya cikin fadama. Sarkinsu, Rudolf Duala Manga Bell, ya ƙi, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Yawancin mutanensa ba su zauna inda aka tura su ba, sai baƙi suka cike wurin a zamanin Faransawa: Bamileke, Basa, da kakanninmu da suka gangaro ta Ngaundere da Tibati da fatauci. Wasu suka kama fawa, wasu goro. Gidanmu allura muka kama.

Kakana ɗinkin hannu yake yi, zaune a tabarma, riga a kan gwiwa. Aska takwas guda kan ci masa watanni. Da keken Singer ya shigo, ƙafa ta karɓi rabin wahalar. Daga baya keken ado na Cornely, ƙirar Faransa, ya iso shaguna, kuma a ganina shi ya fi cin hannu. Ƙarƙashin teburinsa akwai wani ɗan mariƙi da tela ke murzawa da dama don ya bi zane, hagu na riƙe da yadi. Wuyan hannu a lanƙwashe yake wuni, balle azumi ya raba, kowa na son gandurarsa kafin Salla.

Da wannan keken kawuna ya ci abinci a wajen Kasuwar Kwango. Da shekaru suka ja, sai ya riƙa farkawa tsakar dare yana yarfa hannu. Babban yatsa da manuniya da na tsakiya sun mutu, ƙaramin kuwa lafiya lau. Almakashi ya fara suɓuce masa. Aka ce sanyi ne, tunda Duwala garin ruwa ne, wanzami ya yi masa ƙaho, aka sha shafa man zafi. Haka aka gaya wa magabatansa ma, suka haƙura har allura ta gagare su.

Ba sanyi ba ne. A wuyan hannu akwai wata 'yar matsattsiyar kafa tsakanin ƙasusuwa da wani tantani mai tauri da ya rufe su. Ta nan jijiyar da ke kai ji ga waɗancan yatsun take wucewa, tare da igiyoyi tara masu lanƙwasa yatsu. Idan wurin ya kumbura, jijiyar ce ke matsuwa. Likitan Ingila James Paget ya bayyana matsalar a 1854, kuma George Phalen na Amurka ya yaɗa tiyatarta a shekarun 1950: a tsaga tantanin nan don jijiya ta sarara.

Ita aka yi wa Kawu, ya kwana gida ranar. Bayan mako biyu aka cire zare, zugin dare ya tafi, amma ƙarfin damƙa sai da ya ɗauki watanni. Tudun babban yatsansa kuwa ya riga ya zube, bai ciko ba. Likitar ta ce masa: "Baba, da kun zo da wuri, wataƙila ɗaurin da ake kwana da shi ya wadatar."

Yau wasu yaranmu na tsara ado a kwamfuta, wasu na riƙe da kan babur daga asuba, kuma ƙorafin bai sauya ba. Masu shago, ku daidaita tsayin kujera da tebur yadda wuyan hannu zai miƙe, ku wasa almakashi, ku bar yaro ya tashi ya sarara ko da daren Salla ne. Wanda yatsunsa suka fara tashinsa daga barci, ya nufi asibitin Laquintinie ko asibitin da ya fi kusa tun tsoka ba ta zube ba.