Daga "Intaha" Zuwa Lambar Shafi: Jingina Magana ga Mai Ita a Rubuce-rubucen Malaman Jihadi

Ɗalibin da ke rubuta kundin digiri a sashen nazarin addinin Musulunci a yau, akan umurce shi da bin tsarin APA wajen kawo madogara: sunan marubuci, shekarar bugu, lambar shafi. Tsarin ya samo asali ne a Amurka cikin 1929, a hannun masana halayyar ɗan Adam da takwarorinsu. Saboda ta hanyar jami'a ya iso ƙasar Hausa, da yawa sun ɗauka cewa ambaton madogara baƙon abu ne da boko ya kawo. Tarihin karatu a ƙasar Zamfara bai yarda da wannan zato ba.

Wajen shekarar 1201 Hijiriyya (1786), Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya shiga Zamfara da wa'azi, ya zauna kimanin shekara biyar, kamar yadda ƙanensa Abdullahi ya ba da labari a Tazyinul Waraƙat. A wannan tsakani ne suka karanci Sahihul Bukhari a wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji, wanda ya karɓo ruwayar littafin daga malamin Madina Abul Hasan as-Sindi. Kafin nan Malam Jibrilu ɗan Umaru ya haɗu da Murtala az-Zabidi a Alƙahira, kuma ta hanyarsa salsalar Zabidi ta shigo cikin ijazozin Shehu. A wurin waɗannan malamai, mallakar littafi ba ta isa hujja. Sai mutum ya faɗi daga bakin wa ya ji shi, shi kuma daga wa, har zuwa mawallafi. Wannan ya sa Shehu ya tattara salsalolinsa a Asanidul Faƙir, Abdullahi kuma ya rubuta Ida'un Nusukhi a 1227 (1812), inda ya jero malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu. Idan mai bincike na yau ya jera manazarta a ƙarshen kundinsa, littattafai ya lissafa. Abdullahi kuwa ya lissafa littattafan tare da mutanen da suka damƙa masa su.

Wannan ta fuskar ruwaya ke nan. Ta fuskar wallafa, misali mafi bayyana shi ne Bayanu Wujubil Hijra, wanda Shehu ya kammala a 1221 (1806), shekarar da Namoda, jagoran Alibawa wanda Ƙaura Namoda ta samo suna daga gare shi, ya karya rundunar abokan gaba a Fafara kusa da Zurmi. Littafi ne da aka rubuta ana tsakiyar yaƙi, kan hukunce-hukuncen hijira da naɗin shugaba da ganima, waɗanda kwamandoji irin su Namoda za su yi aiki da su a kan rayuka da dukiyoyi. Duk da matsin lokacin, Shehu bai saki ƙa'ida ba. Yakan ambaci malami da sunan littafinsa, ya kawo lafazinsa, sa'an nan ya rufe da kalmar "intaha", wato maganar ta ƙare. Idan zai shigo da nasa bayani, sai ya buɗe da "ƙultu", wato na ce. Kalmomin nan biyu suna yin aikin da alamun zance suke yi a yau, har ma da ƙari, domin masu saurare a zaure suna jin su lokacin da ake karanta littafi a bayyane, alhali alamar zance ido kaɗai ke ganinta.

Dalilin wannan tsanani ba ado ba ne. Malaman da ke kusa da fadar Gobir suna tuhumar Jama'a da fito da abin da ba a sani ba, daga baya kuma Shehu al-Kanemi na Barno ya ƙalubalanci hujjar yaƙin a wasiƙun da Muhammadu Bello ya kawo cikin Infaƙul Maisuri. Garkuwar Shehu ita ce ya nuna cewa kowane hukunci akwai wanda ya riga shi faɗinsa: Maghili, ko Ibnul Hajji mai Madkhal, ko Ahmad Zarruƙ, ko masu sharhin Mukhtasar. Wanda ya so musu, sai ya je ya yi da su. Wasu masu nazari sun ɗauki yawan cirato a littattafansa a matsayin ƙarancin sabon tunani. Wannan fahimta ta kauce, domin ijtihadin Shehu yana cikin zaɓen abin da ya ciro da yadda ya jera shi, da kuma ɗan abin da ke biyo bayan "ƙultu".

Malaman ba su ƙago wannan tsari ba, gadonsa suka yi. Shaihu Khalil ya bayyana ramzojinsa tun a gabatarwar Mukhtasar: lamirin "fiha" yana nufin Mudawwana, lafazin ikhtiyari na Lakhmi ne, tarjihi na Ibnu Yunus, zuhuri na Ibnu Rushd, ƙauli kuma na Maziri. Da kalma ɗaya ɗalibi yake gane mai ra'ayin. Suyuɗi a Jami'us Sagir ya sanya harafin kha'un ga Bukhari, mimun ga Muslim, ƙafun ga abin da suka haɗu a kansa. Wanda ya taɓa wahala da ramzojin Hashiyar Dasuƙi ba zai ga gajerun alamomin tsarin zamani a matsayin sabon abu ba.

Abin da babu a wancan tsari shi ne lambar shafi, kuma ba zai yiwu a same ta ba. Kowane kwafi na hannu yana da nasa adadin warƙoƙi, gwargwadon hannun magwafi da girman takarda. Warƙoƙin ma a sake suke cikin tadarishi, abin da ke riƙe jerinsu shi ne kalmar da ake rubutawa a ƙasan warƙa, wadda da ita ta gaba za ta fara. Don haka ake nuni da kitabi da babi da fasali, waɗanda ba su canzawa daga kwafi zuwa kwafi. Sai da maɗaba'a ta zo, irin ta Bulaƙ a Masar, shafi ya tsaya wuri ɗaya. Fihirisar lafuzzan hadisi da Wensink ya fara fitarwa a Laidin cikin 1936, da lambobin da Muhammad Fu'ad Abdul Baƙi ya sanya wa hadisai, su suka ƙarasa sauyin.

Ribar sabon tsari a fili take: mai karatu yana iya komawa ya tabbatar da cirato cikin ɗan lokaci, abin da a da yake bukatar tafiya ko hadda. Amma an gina shi ne don fannonin da sabon bincike yake shafe tsoho, shi ya sa shekara take biye da suna. A ilimin addini shekarar bugu takan ɓatar. Fathi al-Masri ya tace Bayanu Wujubil Hijra ya buga shi a 1978, don haka ɗalibi yakan rubuta sunan Shehu da 1978 a gabansa, alhali Shehu ya rasu a 1817. Haka Bukhari yakan fito da shekarar da ta sa ya zama kamar ya zo bayan masu sharhinsa. Tsarin ya tanadi hanyar nuna shekarar asali, sai dai ba kasafai ake kula da ita ba. Lambar hadisi kuma tana saɓawa tsakanin bugu da bugu, ta yadda wanda ya bar ambaton kitabi da babi ya jefar da abin da ya fi tabbata.

Rubutun hannu ya fi wuyar sha'ani. Wanda ke ajiye a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, ko Arewa House a Kaduna, ana iya ambatonsa da sunan ma'ajiya da lambarsa da warƙa. Amma kwafin da ke cikin gafaka a gidan wani malami a Zurmi ko Shinkafi ba shi da lamba, ba shi da maɗaba'a. Mai bincike ba shi da abin da zai rubuta sai sunan magwafi idan ya sa shi a ƙarshe, da mai littafin, da wanda ya gada daga gare shi.