Gangar Bahiya da shinkafar Hausawa

Na sauko daga aikin dare ke nan, ido ya yi nauyi, ɗiyata ta matsa sai mun je kallon jerin gwanon masu rawa da ake yi a Lyon duk bayan shekara biyu. Tun 1996 aka fara shi, kuma daga bikin titi na Rio aka kwaikwayo shi. Muna tsaye kusa da dandalin Bellecour sai ga makaɗa, yawancinsu Turawa, da ganguna rataye a ƙugu. Kafin in ankara kafaɗata ta fara motsi. Yarinyar ta ce, "Mama, ashe kin iya?" Na ce ban iya ba, jiki ne ya gane wani abu.

Lugude ya gane. Duk wadda ta taɓa tsayawa bakin turmi da mata biyu a Maraɗi ta san dokar: ba kya sauke taɓarya inda 'yar'uwarki ta sauke, gurbin da ta bari za ki cika. Kiɗan nan da ake kira batukada haka yake. Babbar ganga, surdo, ita ke riƙe da gindin kiɗan, bugu biyu, na biyun ya fi nauyi. Akwai ƙarfe mai baki biyu irin kugen sarakunanmu, suna ce masa agogo, kalmar Yarbanci, ita ce dai ta ba mu agogon duba lokaci. Shi ba ya canza zance, kowa da shi yake auna kansa. Ƙananan ganguna su ke cika tsakani, kuma ba sa faɗuwa cif a kan ma'auni, wani bugun yakan riga lokacinsa da ɗan ƙiris. Ƙiris ɗin nan ne ke ɗaga ƙafar mutum. Mu ma a asibiti mun san lafiyayyar zuciya ba ta tafiya kamar inji, tazarar bugunta na ƙaruwa tana raguwa tare da numfashi.

Da na koma gida na shiga bincike, ina fatan in gano cewa kiɗan namu ne. Abin da na tarar ya fi haka nauyi.

Bayan 1804, yaƙe-yaƙen jihadi sun zubo da kamammu daga kowane ɓangare. An gangara da su kudu, aka sayar a bakin teku, su Legas da Porto-Novo, aka tsallaka da su Bahiya a arewa maso gabashin Birazil. Yawancinsu maza ne da suka san yaƙi. A watan Mayu na 1807 aka tona wani shirin tawaye na Hausawa a birnin Salvador kafin su tashi. A 1809 sun tashi. A watan Fabrairun 1814 suka auka wa wuraren kamun kifi na Itapuã, kuma takardun shari'a sun kira jagoransu "malomi". Karanta shi da ƙarfi, za ka ji malami.

Ga inda ganga ta shigo. Gwamnan Bahiya na lokacin shirin 1807, Conde da Ponte, ya ɗauki taron kiɗan bayi a matsayin majalisar tawaye, ya murƙushe shi. Wanda ya zo a 1810, Conde dos Arcos, ya ce a bar su su yi kiɗa ranar Lahadi da ranakun biki. Kada ku ce tausayi ne kawai. Lissafinsa shi ne, idan kowace ƙabila ta kewaye gangarta, za ta tuna tsohuwar gabarta da maƙwabciya, ba za su haɗa kai ba. Masu gonakin rake suka yi ta kai ƙararsa. Ni dai a ganina Ponte ya fi fahimtar ganga, don ya san mutanen da suka iya jiran gurbin juna a kiɗa za su iya a wani abin.

Babban tawayen Musulmi, wanda ake kira na Male, ya zo a daren 24 zuwa 25 ga Janairu 1835, cikin azumi. Yarbawa ne suka fi yawa a ciki, Hausawa kaɗan. Bayansa aka yi bulala, aka kashe wasu, aka koro wasu zuwa Afirka.

Paris ma tana da hannu a labarin. Ƙaramin jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya zauna da Hausawa bayi yana musu tambayoyi, ya buga littafi a Paris a 1851. Suna ba shi labarin Kano da Katsina da hanyoyin fatake, shi kuwa hankalinsa na kan tatsuniyar mutane masu wutsiya. Allah Sarki. Daga baya Pierre Verger, haifaffen Paris da ya tare a Salvador tun 1946, ya tono takardun wannan fatauci ya buga su a 1968.

To, kiɗan namu ne? A'a, kuma ba na son mu riƙa gaya wa yaranmu abin da ba haka ba. Sunayen gangunan ibada na Bahiya da waƙoƙinsu na Yarbawa ne da mutanen Dahome, samba kuma jijiyarta na Angola da Kwango. Babu kalangu, babu kotso. Sai dai a Itapuã ɗin nan akwai ƙungiyar makaɗa da aka kafa a 1979, Malê Debalê, wadda ta ɗauki sunan waɗancan Musulmi.

Sunanmu kuwa a tukunya ya tsira. Har yau a Bahiya ana dafa "arroz de hauçá", wato shinkafar Hausawa: a dafa ta luguf kamar tuwo, a zuba mata busasshen nama soyayye da albasa. Na gwada ta ranar wata Lahadi da kilishin da aka aiko mini daga gida. Ɗiyata ta ci, ta ce ai wannan tuwon shinkafa ne da aka manta da miyarsa.