Daga Ɓawon Itace Zuwa Ƙwayar Asfirin: Tarihin Magungunan Kumburi

Tun ƙarni na farko miladiyya wani marubucin Rumawa mai suna Celsus ya lissafa alamomin kumburi guda huɗu: wuri ya yi ja, ya tashi, ya ɗau zafi, ya riƙa ciwo. Kumburi dabara ce ta jiki. Idan an ji rauni ko cuta ta shiga, jini kan kwararo wurin ɗauke da ƙwayoyin da ke yaƙar cutar. Amma idan abin ya wuce kima, kamar a amosanin gaɓɓai, sai kariyar ta koma azaba.

Mutane sun samu magani tun kafin su san yadda yake aiki. A 1763 wani limamin coci a Ingila, Edward Stone, ya ba da rahoton cewa garin ɓawon bishiyar wilo yana sauke zazzaɓi. A 1828 Johann Buchner ya tace sinadarin da ke cikin ɓawon a birnin Munich. Maganin da aka sarrafa daga wannan sinadari daga baya yana aiki, sai dai yana ƙona ciki. A 1897 Felix Hoffmann na kamfanin Bayer a Jamus ya haɗa wani nau'i mai sauƙin sha, aka sa masa suna Aspirin a 1899.

Daga nan 'yan uwansa suka biyo baya. Stewart Adams da abokan aikinsa a kamfanin Boots da ke Nottingham suka samar da ibuprofen, wanda aka fara rubuta wa masu amosanin gaɓɓai a Birtaniya a 1969. Diclofenac kuma ya fito daga Suwizalan a 1973.

Fiye da shekara saba'in ana shan asfirin ba a san sirrinsa ba, sai a 1971 John Vane ya gano shi a Landan. Jiki na ƙera wasu sinadarai da ake kira furostagilandin, waɗanda ke buɗa jijiyoyin jini, su tsananta raɗaɗi, su tayar da zazzaɓi. Asfirin da danginsa suna toshe sinadarin COX da ke ƙera su. Wannan bincike ya kai Vane ga lambar Nobel a 1982.

Binciken ya kuma bayyana dalilin illar magungunan. Furostagilandin ɗin nan ne ke kare fatar ciki daga ruwan tsami, su ne kuma ke taimaka wa jini isa ƙoda. Toshe su na iya jawo gyambon ciki, zubar jini da lalacewar ƙoda. Da aka gano COX iri biyu ne a farkon shekarun 1990, sai aka ƙera magungunan da ke toshe na biyun kaɗai don a tsirar da ciki. Ɗaya daga cikinsu, Vioxx, an janye shi daga kasuwa a 2004 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki.

Farasitamol ba ya cikin wannan dangi: yana rage ciwo da zazzaɓi, amma tasirinsa kan kumburi kaɗan ne. Shi kuma mai zuwa kemis kullum ya sayi ibuprofen ko diclofenac saboda ciwon jiki ya sani cewa alamar kawai yake dannewa, musabbabin ciwon na nan. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko hawan jini, da mace mai juna biyu, su nemi shawarar likita kafin su sha.