Labarin Idrisu ɗan Abdullahi, da Yaƙin Fakku, da Cin Amanar Shammahu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah mai ba da mulki ga wanda ya so, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗalibi, wannan labarin sharifi Idrisu ne, ɗan Abdullahi ɗan Hasan ɗan Hasan ɗan Aliyu, Allah ya yarda da su, wanda ya kafa daula a Magriba. Ɗabari ya kawo shi cikin tarihinsa, Ibnu Abi Zar'i kuma ya tsawaita shi cikin Raulul Ƙirɗasi.

Fasali na fari, cikin asalin fitina. Banul Abbasi sun karɓi mulki a shekara 132 ta Hijira (750 Miladiyya) da sunan gidan Annabi, sa'an nan suka juya wa 'ya'yan Aliyu baya. Muhammadu Nafsuz Zakiyya, wan Idrisu, ya fita a kan Mansur a Madina shekara 145 (762), aka kashe shi. A zamanin nan ne Imamu Maliku ya yi fatawa cewa rantsuwar wanda aka tilasta ba ta ɗaure shi, mutane suka gane mubaya'ar dole ita ma haka take, domin wannan aka yi masa bulala. Ka riƙe wannan, ya kai mai karatun Muwaɗɗa, limaminka ya sha wuya cikin wannan al'amari.

Da Hadi ya hau, wakilinsa a Madina ya matsa wa sharifai. Ya sa kowace rana su zo a ƙidaya su, kowa ya tsaya wa ɗan'uwansa lamuni. Ya kama Hasan ɗan Nafsuz Zakiyya da tuhumar abin maye, aka yi masa bulala, aka zaga gari da shi da igiya a wuya. Sai Husaini ɗan Aliyu, ɗan'uwansu, ya fita, aka yi masa mubaya'a a masallacin Annabi. Ya nufi Makka da mutum wajen 300. Rundunar Abbasiyawa ta tare su a kwarin Fakku, kusa da Makka, ranar 8 ga Zulhajji shekara 169 (786), alhazai suna shirin fita Mina. Aka yi wa Husaini tayin amana, ya ƙi, aka kashe shi da mutanensa fiye da 100. Hasan kuwa ya karɓi amana, aka kashe shi duk da haka. Wannan cin amana na fari ke nan.

Fasali na biyu, cikin gudun Idrisu. Mutum biyu suka tsira daga 'ya'yan Abdullahi. Yahaya ya yi gabas zuwa Dailama, Haruna Rashidu ya rubuta masa takardar amana da shaidar malamai, ya komo, daga baya aka warware takardar, ya mutu a kurkuku. Wannan cin amana na biyu ke nan.

Idrisu kuwa ya saje da alhazan Masar, tare da baransa Rashidu, wanda ba Haruna ba. Rashidu ya sa masa tufafi masu kaushi, ya mai da shi kamar yaronsa, yana aikensa a gaban mutane domin kada a gane shi. A Masar akwai wani mai suna Wadihu, shi ke kula da dawakin aike na sarki, yana son gidan Annabi. Ya fid da su ta hanyar aiken sarki zuwa yamma, da labari ya kai Bagadaza aka fille masa kai.

Suka isa Walili, tsohon birnin Rumawa a gindin dutsen Zarhuna, shekara 172 (788). Ishaƙa ɗan Muhammadu, shugaban kabilar Auraba ta Barbar, ya sauke su, ya tara kabilu suka yi wa Idrisu mubaya'a cikin Ramalana. Ya ci Tamasna da Tadala, ya shiga Tilimsana ya gina masallaci a cikinta. A Walili ya samu Kanza, mace daga cikin Barbar, ya zauna da ita, jinin sharifai ya haɗu da jinin mutanen ƙasar.

Fasali na uku, cikin Shammahu. Da Haruna ya ji an ci Tilimsana, hankalinsa ya tashi, amma ƙasar ta yi nisa ga runduna. Wazirinsa Yahaya Barmaki ya ba shi shawara a aiki mutum guda mai dabara. Aka aiki Sulaimanu ɗan Jariru, ana ce masa Shammahu, mai fasahar harshe. Ya zo ya ce shi masoyi ne, gudun zalunci ya kawo shi. Idrisu yana kewar mai zance da larabcin gabas, ya jawo shi kusa, har suna ci tare. Shammahu ya yi ta jira har ranar da Rashidu ya fita wata bukata, ya ba Idrisu guba. Waɗansu sun ce cikin kwalbar turare, waɗansu sun ce cikin maganin haƙori. Ya hau dokinsa ya gudu. Rashidu ya komo ya tarad da ubangijinsa ya faɗi, ya bi sawu da mahaya cikin dare, dawakinsu suka gaza sai nasa, ya cim masa a kogin Mulwiya, ya sare masa hannu, amma ya kuɓuta. Idrisu ya rasu shekara 175 (791). Wannan cin amana na uku ke nan, shi ne mafi muni, domin a kan akushi ɗaya aka yi shi.

Fasali na huɗu, cikin abin da Allah ya hukunta. Idrisu bai bar ɗa ba, sai cikin da Kanza ke ɗauke da shi, wata bakwai. Rashidu ya ce da Barbar su jira haihuwa, suka jira. Ta haifi namiji, aka sa masa sunan ubansa. Rashidu ya riƙe masa ƙasa, ya koya masa Alkur'ani da hawan doki, har shi ma aka sayi waɗansu suka kashe shi. Aka yi wa yaron mubaya'a yana ɗan shekara 11. Shi ne ya raya birnin Fas ya mai da shi mazauninsa shekara 193 (809), a cikinsa aka gina masallacin Ƙarawiyyina shekara 245 (859), inda malaman Malikiyya suka yi ta karantarwa.

To, ka duba, ya ɗalibi. Mai mulki uku-uku aka warware alkawari dominsa, bara guda ya riƙe nasa, daula ta tsaya a kan riƙon baran nan da cikin mace guda. Kadan an ba ka amana ka tuna da Rashidu, kadan baƙo ya zo maka da zaƙin baki ka jarraba shi kafin ka ba shi sirrinka.

Tamat, da godiyar Allah. Allah ya gafarta wa wanda ya rubuta, da wanda ya kwafa, da wanda ya karanta. Amin.