Walƙiyar bakin bindiga

Walƙiyar bakin bindiga ita ce hasken wuta da ke fitowa daga bakin bindiga a lokacin da aka harba ta. A ƙananan bindigogin hannu, girman wannan haske yakan bambanta daga wani harsashin kamfani zuwa wani, ko da girmansu ɗaya ne kuma bindiga ɗaya aka harba su da ita. Tushen bambancin shi ne irin albarushin da aka zuba a cikin kwanso da yawansa.

Yadda take faruwa

Harsasan zamani suna amfani da albarushi marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya ƙirƙiro a Faransa a shekarar 1884. Wannan albarushi ba ya ɗauke da isasshen oksijin da zai ƙone komai, don haka iskar da yake fitarwa tana ƙunshe da haidirojin da kabon monoksaid. Idan wannan iska mai zafi ta fito ta gauraya da iskar waje, sai ta sake kamawa da wuta. Wannan kamawa ta biyu ita ce ke ba da haske mafi girma.

Dalilan bambanci

Na farko shi ne saurin ƙonewa. Albarushi mai jinkirin ƙonewa, irin wanda ake zubawa da yawa a harsasan .357 Magnum da .44 Magnum, yakan sa iskar ta isa bakin bindiga da sauran zafi da ƙarfi sosai.

Na biyu shi ne haɗin sinadarai. Albarushin da aka haɗa da naitirogilisarin, kamar wanda Alfred Nobel ya samar a 1887, ya fi na naitiroselulos zalla zafin wuta.

Na uku shi ne sinadarin rage walƙiya. Wasu kamfanoni suna ƙara ɗan gishirin potasiyam, wanda ke hana iskar sake kamawa da wuta, sai dai yana ƙara hayaƙi. An fi samun irin wannan albarushi a harsasan 'yan sanda da na kare kai. Harsasan atisaye masu araha sau da yawa ba sa ɗauke da shi.

Ita ma bindigar tana da tasiri. Bututu mai tsawon inci 2 ya fi mai inci 6 fitar da wuta, domin iskar ba ta samu damar faɗaɗa ta huce ba. Libarba kuma tana fitar da ƙarin wuta ta ratar da ke tsakanin gidan harsasai da bututu.

Muhimmanci

Da rana ba a cika lura da walƙiyar ba. Cikin duhu kuwa tana iya dushe ganin mai harbi na ɗan lokaci, ta kuma tona inda yake. Shi ya sa hukumomin tsaro suke la'akari da ita wajen zaɓen harsashi.