Daga Kwanar Ɗangora zuwa Riruwai: tarihin ruwan da Kano take sha

Yau shirin namu a gida zai tsaya, kudancin Kano.

Duk wanda ya baro titin Kano zuwa Zariya a Kwanar Ɗangora ya ɗauki hanyar Jos, zai lura da wani abu ko da bai yi karatun labarin ƙasa ba. Kafin ka wuce Tudun Wada ƙasa ta fara tashi, itatuwa sun fara yin kauri, duwatsu sun fara leƙowa. In ka kai Doguwa da Riruwai kuwa, sai ka rantse ba a Kano kake ba. Nan ne ƙasar jihar ta fi tudu, nan ne kuma damina ta fi daɗewa. Ruwan da ke sauka a wannan yanki a shekara yakan haura milimita 1,000, alhali can arewa wajen Dambatta da Kunchi ba ya kaiwa haka. Ruwa kuwa gangare yake bi. Abin da ya zuba a kan duwatsun nan shi ke taruwa a Kogin Kano, ya haɗu da Challawa, ya zama Kogin Haɗeja, ya bi ta Yobe ya nufi Tafkin Chadi.

To me ya sa dajin ya daɗe bai cika da gonaki ba, tunda ga ruwa ga ƙasa mai kyau? Wani ɓangare na amsar yaƙi ne. A ƙarni na 19 Ningawa daga duwatsunsu sun yi ta kai hari kudancin Kano, Sarki Abdullahi Maje Karofi ya sha fama da su. Mutum ba ya kafa gida a inda za a zo da dare a kwashe masa iyali, sai jama'a suka tattaru a garuruwa masu ganuwa, daji ya samu sarari. Riruwai kuma tun kafin zuwan Bature an san ta da kuza, ana haƙowa ana narkawa, fatake suna ɗauka.

Turawa ne suka shata dajin a shekarun 1940, da sunan gandun dajin Kogin Kano. Ku lura da sunan: kogin aka ambata, ba namun daji ba. Sai daga baya aka mayar da shi wurin kiwon namun daji, aka kira shi Falgore. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa Doguwa da Tudun Wada da Sumaila.

Sai zamanin Audu Bako. Tsakanin 1971 da 1974 aka gina dam ɗin Tiga a ƙasar Bebeji, daidai lokacin da farin 1973 yake cin Arewa da Nijar, shanu suna faɗuwa, mutane suna ƙaura. An gina Tiga ne don ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Da shi ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Shinkafar Kura da tumatirin da ake lodawa zuwa Legas, asalinsu ruwan saman da ya sauka a Doguwa ne. Wannan aiki ne babba, ba mai musu. Amma fa akwai waɗanda suka biya kuɗinsa. An tashi ƙauyuka, ruwa ya shanye gonaki da maƙabartu. Can ƙasa kuma, fadamun Haɗeja da Nguru da suka dogara da ambaliyar shekara-shekara suka ragu, musamman bayan an ƙara dam ɗin Challawa a Ƙaraye a 1992, ga kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Masunci a Nguru bai san Tiga ba, amma Tiga ta san komarsa.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya. In aka ambaci Falgore yau, ɓarayin shanu ake tunawa, da sojojin da aka girke a ciki. Tsaro dole ne, mun yarda. Sai dai ku tsaya a bakin titin nan ku ƙirga buhunan gawayi da lodin itace da ke nufar birni kullum. Itacen nan shi ke riƙe ƙasa. In an sare shi, ruwan farko zai wanke ƙasar ya zuba a kogi, kogi ya kai ta Tiga, ta kwanta a gindin dam. Dam ɗin da ya cika da laka, a ido cike yake, amma ruwan da ke ciki ya ragu. Ni ban ga laifin saurayin da ke ƙona gawayi ba shi kaɗai, wallahi. Gas ya yi tsada, kananzir ya fi ƙarfin talaka, shi kuma ba shi da wata sana'a da rani. Abin da ke ba ni mamaki shi ne manomin Kura da mai buɗe famfo a birni, har yau ba su ɗauki sarar dajin Doguwa a matsayin matsalarsu ba.

A kashi na gaba za mu shiga Riruwai kanta, mu yi maganar kuza da ramukan da aka bari. 'Yan Doguwa da ke bibiyar mu, ku tambayo mana dattawanku. Sai mun haɗu.